Daga Tsibirin Bonny Zuwa Kachia: Abin da Tsohon Hoto Ke Riƙe Mana

Yau tarihinmu zai faro ne daga bakin teku, nesa da gonakin citta, amma ku biyo mu, hanyar za ta dawo da mu gida.

A shekarar 1873 aka haifi Jonathan Adagogo Green a yankin tsibirin Bonny, cikin Jihar Ribas ta yanzu. Masana tarihi na lissafa shi cikin 'yan Najeriya na farko da suka mai da ɗaukar hoto sana'a. Bai yi tsawon rai ba, ya rasu a 1905, amma ya bar hotunan kwale-kwale, da sarakuna, da 'yan kasuwar manja, da gine-ginen kamfanonin Turawa a bakin ruwa. Shi ya ɗauki sanannen hoton Sarkin Benin, Oba Ovonramwen, a cikin jirgin ruwa a 1897, lokacin da Turawan Ingila suka tsige shi za su kai shi Kalaba. An daɗe ana zaton Bature ne ya ɗauki hotunan, saboda sunan da ke bayan katin. Ashe ɗan gida ne ya ajiye wa mutanensa kamanninsu.

A zamaninsa aikin ba wasa ba ne: ƙatuwar kyamara mai ƙafa uku, da farantin gilashi mai saurin fashewa. Fim mai naɗi, wanda kamfanin Kodak na Amurka ya yaɗa tun daga 1888, shi ya sauƙaƙa sana'ar har ta shiga lungu da saƙo.

To ina abin ya shafe mu? Tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, wadda Turawa suka gina don fitar da kwal na Inugu, layin dogonta ne ya hauro Arewa har ya haɗe da Kafanchan a 1927. Ta nan kuzar Jos da amfanin gonar Arewa suka riƙa gangarawa teku, ta nan kuma baƙi daga Kudu suka iso da sana'o'insu. Ke nan duk hoton lebura ɗauke da buhu a bakin jirgin ruwa rabin labari ne. Ɗaya rabin yana hannun manomin da ya haƙa, ya ɓare, ya shanya.

Mu da muka haura arba'in mun riski ƙarshen zamanin fim. Ranar Sallah ko Kirsimeti sai a ci ado a jira mai hoto da kyamararsa rataye a wuya. Fim ɗaya hoto 24 ne ko 36, don haka ba a ɗauka sai an shirya, kuma sai fim ya cika a kai wanki, a yi kwanaki ana jira. Wayar hannu ta zo ta shafe wannan duka, har Kodak ɗin ya durƙushe a 2012.

Abin damuwa shi ne yawancin hotunanmu na mutane ne a tsaye gaban labule. Hoton kasuwar citta, da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan lokacin da take cike, da tsofaffin makarantu, su ne masu wuyar samu. Waɗanda suka rage kuma damina da gara na cin su a ƙasan akwati.

Saboda haka muna roƙon kowa ya duba gidansu. Kada a zubar da baƙin fim ɗin nan da ake haɗowa da hoto, domin daga shi ake sake wanke sabo. A ajiye su inda babu laima da rana. A zauna da dattawa su faɗi wane ne a ciki, a ina, wace shekara, a rubuta da fensir a baya. In tsohon da ya san fuskokin ya tafi, hoto ya koma takarda kawai.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya bar mana zumunci.

Sakataren Ƙungiya