Kujeru Kaɗan, Jama'a da Yawa: Tarihin Tikitin Kallon Ƙwallo

Yau za mu bi tarihin wata 'yar takarda da ba ta kai tafin hannu ba, wato tikitin shiga kallon ƙwallo. Tambayar da ke bayanta tsohuwa ce: idan wuri na mutum dubu ashirin ne, masu so kuma dubu hamsin, wa zai shiga, wa zai tsaya a waje? Duk hanyar da aka bi, wani aka zaɓa aka bar wani. Kuɗi suna zaɓar mai hali, layi yana zaɓar na kusa, turereniya tana zaɓar mai ƙarfi, alfarma kuma tana zaɓar mai uwa a gindin murhu. Mutumin Boɗinga ko na Shagari ba ya cikin ko ɗaya daga waɗannan, sai fa in an tuna da shi tun wurin tsara rabon.

Bari mu fara da ranar da sunan Shagari ya shiga tarihin ƙwallon ƙasar nan. Ranar 22 ga Maris, 1980, a babban filin wasa na Surulere da ke Legas, Green Eagles ta doke Aljeriya da ci 3 da nema, ta ɗauki kofin nahiyar Afirka karo na farko. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya. Wanda ya miƙa wa kyaftin Christian Chukwu kofin shi ne Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari, daga baya kuma gwamnatinsa ta yi wa 'yan wasan kyautar gidaje da motoci. Kimanin mutum 80,000 ne suka shaida abin da idonsu. Mutanen garin da shugaban ya fito kuwa, da maƙwabtansu na Yabo da Boɗinga, galibinsu a bakin rediyo suka ji labari. Babu wanda ya kore su daga ƙofar fili. Nisa ne ya tare su tun daga gida.

Wannan nisa bai gushe ba. Da Najeriya ta karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, filayen Arewa da aka zaɓa su ne na Kaduna da Kano da Bauchi. A gasar kofin Afirka ta 2000 da muka shirya tare da Ghana, Kano ce kaɗai daga Arewa. A gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, an sake komawa Kano da Kaduna da Bauchi, aka haɗa da Abuja. Filin Giginya na Sakkwato bai shiga ko ɗaya ba. Ke nan duk lokacin da babban wasa ya zo Arewa, Basakkwace matafiyi ne: zai biya mota, ya bi ta Gusau da Funtuwa, ya kwana a hanya ko wajen dangi. Mutum irin wannan babu abin da yake buƙata kamar tabbaci, ya san kafin ya bar gida cewa akwai wurinsa.

Tabbacin nan shi ne asalin aikin tikitin da ake saya tun kafin ranar wasa, kuma Turawan Ingila da wahala suka koyi darasinsa. Ranar 28 ga Afrilu, 1923, aka buga wasan ƙarshe na kofin FA a sabon filin Wembley, tsakanin Bolton da West Ham. Filin na ɗaukar mutum wajen 125,000, don haka hukuma ta ɗauka babu yadda za a yi ya cika, ta bar yawancin jama'a su biya a ƙofa. Sai aka wayi gari mutanen da ake ƙiyasta sun haura 200,000 sun yi dafifi, suka haura katanga, suka malala har cikin inda ake buga wasa. Sai da 'yan sanda a kan dawaki suka yi ta tura jama'a baya kafin a iya take ƙwallo, shi ya sa har yau ake kiran wasan da sunan farin dokin da ya fi fitowa a hotuna. Daga shekara mai bi, aka ce babu mai zuwa wasan ƙarshe sai da tikiti a hannu. Tikiti ya zama abu biyu: ƙidaya ga hukuma, alkawari ga ɗan kallo.

Inda aka yi wasa da ƙidayar nan, rayuka ne suka biya. Ranar 12 ga Agusta, 1989, a filin nan dai na Surulere, Najeriya ta kara da Angola a wasan neman gurbin kofin duniya. Abin da kowa ke tunawa shi ne faɗuwar Samuel Okwaraji a cikin fili da rasuwarsa. Abin da aka fi mantawa shi ne wasu 'yan kallo ma sun rasu a ranar, saboda cunkoso da zafi a filin da aka cika fiye da ƙima. Wata huɗu kafin nan, a filin Hillsborough na Ingila, matsatsin da ya biyo bayan buɗe wata ƙofa ga magoya bayan Liverpool ya zama sanadin mutuwar mutum 97, kuma binciken 2016 ya wanke 'yan kallon, ya ɗora laifin a kan masu kula da taron. A Afrilun 2001 mutum 43 suka mutu a filin Ellis Park na Afirka ta Kudu. A Janairun 2022 mutum 8 suka mutu a ƙofar filin Olembe na Kamaru.

Yanzu mu dawo gida, ga misalin da ya fi kusa da mu. Ranar Juma'a 25 ga Maris, 2016, Super Eagles ta karɓi baƙuncin Masar a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, a wasan neman gurbin kofin Afirka na 2017. Gwamnatin jihar ta ce a buɗe ƙofa, kowa ya shiga kyauta. Niyyar mai kyau ce a fuska: talaka ya ga 'yan wasan ƙasarsa ba tare da ya taɓa aljihu ba, su kuma 'yan wasa su samu goyon baya. Jama'a suka yi sammako. Kafin lokacin wasa fili ya cika ya batse, babu masaka tsinke. An ƙiyasta mutum 40,000 ne suka shiga, adadin da ya zarce ƙarfin filin nesa ba kusa ba. Hotunan ranar sun zaga duniya: samari a kan ƙarafan fitilu, wasu a kan allon nuna sakamako, wasu zaune a gefen fili. Oghenekaro Etebo ya ci wa Najeriya, Mohamed Salah ya farke dab da tashi, aka tashi 1 da 1. Allah Ya tsare, taron ya watse ba tare da irin abin da ya faru a Ellis Park ba. Daga baya hukumar CAF ta ci tarar Najeriya dala 5,000.

To, wa kyautar nan ta amfana? Saurayi mai jini a jika, mazaunin Kaduna, wanda zai iya tsayuwa tun hantsi ya yi kokawa a ƙofa, ya hau ƙarfe in ta kama. Dattijo ba zai iya ba. Magidanci ba zai shiga da ɗansa ƙarami cikin wannan turmutsutsu ba. Mata da masu buƙata ta musamman ba a ma maganarsu. Shi kuwa wanda ya taso daga Shagari ya yi tafiyar yini guda, in ya iso da azahar, ƙofar da aka ce a buɗe take ga kowa shi a rufe ya same ta, ga kuɗin mota ya tafi. Da aka cire kuɗi, ƙarfi ne ya zama farashi, aka koma kashin dankali, babba ya danne ƙarami.

Shekara shida bayan haka aka sake gwada wani salo a Abuja. Ranar 29 ga Maris, 2022, Najeriya ta kara da Ghana a filin Moshood Abiola mai kujeru kimanin 60,000, wanda ya yi nasara ya tafi Qatar. Aka sallami ma'aikatan gwamnati da wuri, aka kuma sanar da sayen dubban tikiti don a raba kyauta. Aka tashi 1 da 1, Ghana ta wuce, 'yan kallo suka kutsa cikin fili suka yi ɓarna, FIFA ta ci tarar Najeriya ta kuma hana mata 'yan kallo a wasa ɗaya. Tambayar da ta shafe mu a nan ita ce hanyar rabo. Mu da muka san yadda rabon taki da shinkafar tallafi ke tafiya, mun san abin kyauta da ba a rubuta sunan mai shi ba ta hannun manya yake bi, kuma kasuwar bayan fage ba ta da nisa da shi.

Kada wani ya ce ai shi ke nan, a tsawwala kuɗi kowa ya huta. An gwada wannan ma. A Fabrairun 2016, da Liverpool ta sanar cewa wasu kujeru za su kai fam 77, dubban magoya bayanta suka miƙe a minti na 77 na wasansu da Sunderland suka fice daga fili. Cikin 'yan kwanaki masu ƙungiyar suka janye ƙarin, suka ba da haƙuri. A shekarar ce kuma ƙungiyoyin Firimiyar Ingila suka amince tikitin magoya bayan baƙi kada ya wuce fam 30, saboda sun riga sun kashe kuɗin tafiya. Ku lura da wannan dalili, domin na mutumin Boɗinga ne sak.

Sayarwa ta intanet ma tana da nata waɗanda take zubarwa. Gabanin kofin duniya na 2010 a Afirka ta Kudu, FIFA ta ware wa 'yan ƙasar rukunin tikiti mai rahusa, amma ta dogara ga intanet da cike takardu a banki. Talakawan da aka yi rahusar dominsu da yawa ba su da kwamfuta ko katin banki. Sai a watan Afrilu, saura wata biyu a fara, aka buɗe wuraren da mutum zai je da kuɗinsa a hannu ya saya, nan take layuka suka miƙe. Mai zaune a ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa ya san ma'anar a ce tikiti ya ƙare cikin minti goma a waya.

Hanyar da ta fi kusa da adalci a duk abin da aka gwada ita ce a haɗa kaso da ƙuri'a. FIFA da kanta tana buɗe wani zango na kwanaki, kowa ya rubuta buƙatarsa, in masu nema sun fi kujeru sai a yi ƙuri'a, wanda ya nema ranar farko da na ranar ƙarshe duk ɗaya. Kaso kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Dubi kujerun aikin Hajji: Saudiyya ta ba Najeriya 95,000 a 2023, hukumar alhazai ta ƙasa ta raba wa jihohi, jihar Sakkwato kuma ta raba wa ƙananan hukumominta 23. Ana ƙorafi a kan tsarin, ba a rasa ba, amma Boɗinga da Shagari sun san suna da rabo, ba sai sun je Abuja sun yi turereniya ba. Babu abin da zai hana a yi haka ranar da babban wasa ya zo Giginya ko Kano ko Kaduna: a buga tikiti daidai yawan kujeru, a sa kuɗi mai sauƙi, a ware kason na nesa da na iyali, a sayar kwanaki kafin wasa a wurin da aka sani, kowane tikiti da suna, in masu nema sun yi yawa a yi ƙuri'a a bainar jama'a. Wanda bai samu ba zai ji zafi, amma ya san dalili, kuma bai yi asarar kuɗin mota ba.

Ko a gidajen kallon ƙwallo na garuruwanmu maganar ɗaya ce. Daren Real Madrid da Barcelona benci ba ya isa, kuma kowane mai gidan kallo yana yanke hukuncin da hukumar FA ta yanke a 1923: ya ƙara kuɗi, ko ya ajiye wa abokan hulɗarsa na kullum gaba, ko ya bar wanda ya riga zuwa, ko ya yi ta cusa mutane a ɗaki mai ƙofa ɗaya da janareta a bayansa.

Mu marubuta, nan akwai aiki. Littattafanmu sun cika da soyayya da rikicin gado, amma da wuya ka ga labarin da aka gina a bakin ƙofar fili, alhali a nan ake ganin yadda al'umma ke raba abin da bai isa kowa ba. Dattawan da suka saurari wasan 1980 suna nan a Shagari da Sifawa da Danchadi. A tambaye su a rediyon wa suka ji, su nawa suka kewaye shi, wa ya zauna kusa, wa ya tsaya a baya. Waɗanda suka je Kaduna a 2016 ma suna nan, da wanda ya shiga da wanda ya juyo. A rubuta abin da suka faɗa da sunan gari da shekara, tun suna iya tunawa.

Wanda ke da gyara ko ƙarin bayani, zaure a buɗe yake. Allah Ya ƙara mana basira, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.