Tawadar da ba ta kamfani ba: abin da mai buga hoto a gida ya kamata ya sani

Na'urar buga hoto mai fesa tawada ba ta da tsada sosai ranar saye. Tsadar tana bayyana ne ranar da kartush ɗin farko ya ƙare. Manyan kamfanoni irin su HP, Canon da Epson sun daɗe suna sayar da ƙananan na'urorinsu da rahusa, su nemi ribarsu a tawada, alhali wani kartush ɗin abin da ke cikinsa bai kai mililita biyar ba. Shi ya sa masu buga hotunan biki da suna a gida, da masu ƙananan shagunan hoto, ke komawa ga tawadar wasu kamfanoni.

Iri uku ake samu a kasuwa. Akwai sabon kartush da wani kamfani ya ƙera daidai da girman na asali. Da yawa daga birnin Zhuhai na ƙasar Sin suke fitowa, inda kamfanin Ninestar yake. Akwai tsohon kartush na asali da aka wanke aka sake cikawa. Sai tawadar kwalba, wadda ake ɗurawa da sirinji ko a zuba a tanki. Duk waɗannan sana'a ce a fili, da sunan mai su a jiki. Jabu daban ne: shi ne wanda aka saka a kwali mai tambarin HP ko Canon, aka sayar da shi a farashin na asali.

Inda kan feshi yake

Kafin a yi maganar tawada, sai an san na'urar. Kan feshi, wanda masu gyara ke kira «tet», ɗan ƙarfe ne mai ɗaruruwan ramuka da suka fi gashin kai siranta. A yawancin ƙananan na'urorin HP da Canon, kan yana manne da kartush. Idan muguwar tawada ta toshe shi, kartush kawai aka yi asara, sabo ya zo da sabon kai. A na'urorin Epson kuwa kan yana jikin na'urar, kuma canza shi kan kusa kuɗin wata sabuwa. Kenan tawada guda na iya zama ƙaramar kasada ga wani, babbar kasada ga maƙwabcinsa.

Yadda suke fesawa ma ya bambanta. HP da Canon suna dafa tawadar cikin ƙiftawar ido, kumfa ya turo ɗigon waje. Tawadar ce ke sanyaya kan, don haka idan aka ci gaba da bugawa bayan ta ƙare, kan yana ƙonewa. Wannan na yawan samun masu sake cika kartush, domin na'urar ba ta ƙara nuna musu ragowar tawadar daidai. Epson ba ta amfani da zafi, wani ɗan sinadari ne ke motsi idan lantarki ya taɓa shi. Tawadar da aka haɗa domin wannan ba lalle ta dace da wancan ba, ko da mai shago ya ce kwalbarsa tana shiga kowace na'ura.

Launin da ke kwana da wanda ke gudu

A nan ne maganar ta fi shafar mai hoto. Tawada iri biyu ce. Ta farko rini ce da ya narke cikin ruwa. Launinta na da haske a kan takarda mai sheƙi, amma rana da iska na cin ta. Ta biyu ƙananan ƙwayoyin launi ne da ke yawo cikin ruwan. Ta fi jure rana da danshi, ta kuma fi saurin toshe ramuka idan ba a haɗa ta da kyau ba. Zuba ɗaya a kan ɗaya cikin tanki guda hanya ce ta kashe kai. Akwai kuma tawadar buga riguna da kofuna, wadda sai an gasa ta launinta ke fitowa. Kwalbarta ta yi kama da sauran, kuma a kan takardar hoto dusu-dusu take fita.

Ranar da aka buga hoto, da wuya ido ya raba tawada mai arha da ta asali. Bambancin sai an yi watanni. Gwaje-gwajen cibiyar Wilhelm Imaging Research ta Amurka, wadda ta shahara wajen auna daɗewar hoto, sun nuna cewa tawadoji masu arha da dama suna koɗewa da sauri ƙwarai fiye da na kamfani. Launukan kuma ba sa gudu tare. Idan ja ya riga sauran tafiya, fuskar amarya ta koma kore-kore. Idan shuɗi ne, hoton ya yi ja kamar an jiƙa shi da zoɓo. Hoton da za a manna a takardar neman aiki ba ruwansa da wannan. Hoton mahaifin da ya rasu, wanda za a rataye a falo shekara ashirin, shi ne bai kamata a yi wa rowar tawada ba.

Ana kuma samun karkatar launi tun ranar farko, saboda lissafin da ke cikin na'urar an yi shi ne bisa tawada da takardar kamfanin. Ana iya gyarawa da hannu a kwamfuta, sai dai kowane gwaji takarda ce ta tafi.

Pus da rigimar kamfanoni

Yawancin kartush na ɗauke da ƙaramin pus, kamar na salula, wanda na'urar ke karantawa. A watan Satumba na 2016, na'urorin HP da dama suka daina karɓar kartush na wasu kamfanoni saboda wani tsari da aka saka a manhajarsu, har kamfanin ya nemi gafara kan rashin bayani. A 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci HP tarar yuro miliyan 10 kan rashin sanar da masu saye irin wannan shinge. A Amurka, kotun ƙoli ta yanke a 2017 cewa kamfanin Lexmark ba zai yi amfani da haƙƙin ƙirƙira ya hana sake cika kartush ɗin da ya riga ya sayar ba. Duk da haka shingen bai ɓace ba, shi ya sa masu amfani da tawadar waje kan kashe sabunta manhaja ta intanet.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne rabon yankuna. Kartush ɗin da HP ke kira 122 a Afirka da Gabas ta Tsakiya, shi ne 301 a Turai, 61 a Amurka. Na'urar da ɗan'uwa ya aiko daga Faransa na iya ƙin kartush ɗin da aka sayo a Maraɗi ko Kano, alhali na asali ne.

Na'urori masu tanki sun rage wannan gardama. Epson ta fara fito da su a 2010 a Indunusiya, Canon da HP suka biyo baya. L805 mai launi shida, wadda masu hoto suka sani, tana shan kwalba mai mililita 70. Da tawadar asali ta yi sauƙi haka, ribar sayen wata daban ta ragu, kasadar kuwa tana nan.

Zafi, ƙura da ɗaukewar wuta

Takardun kamfanoni yawanci suna tsayar da zafin aiki a digiri 35, watan Afrilu a Tawa ko Damagaram kuwa ya kan wuce 40. Tawada na bushewa a bakin ramuka, ƙurar hunturu ta ƙara nata. Buga ɗan hoto mai dukkan launuka sau ɗaya a mako ya fi yawan wanke kai, domin wankin na shan tawada, yana kuma cika soson da ke ƙasan na'urar har ta tsaya. A kashe ta da maɓallinta don kan ya koma mazauninsa ya rufe. Idan wuta ta ɗauke ana cikin aiki, a sake kunna ta da zarar ta dawo.

Wanda ke son gwada sabuwar tawada na iya buga hoto guda sau biyu, ya saka ɗaya cikin littafi, ya jingine ɗaya a taga inda rana ke bugawa, bayan wata guda ya jera su ya duba fuskoki.