Daga Zanen Ƙafa Zuwa Zanen Kwamfuta: Tarihin Tsara Gini a Ƙasar Katagum

A watan Janairu na 1824, da Baturen nan Hugh Clapperton ya iso birnin Katagum, ya tarar da gari mai ganuwa biyu, tsayinta ƙafa 20, kaurin gindinta ƙafa 10, da ƙofofi huɗu, ga masallaci a tsakiya. A lokacin garin bai cika shekara 20 da kafuwa a hannun Malam Zaki ba. Aiki irin wannan ba ya yiwuwa sai da lissafi: yawan ƙasar da za a haƙa, yadda bango zai riƙa sirancewa yana hawa, da inda ruwan damina zai bi ya fita. Duk da haka ba a san maginan da suka yi shi da zane a takarda ba. Yau kuwa saurayin Azare ko Gadau da ke sha'awar harkar gini, shawarar da yakan fara ji ita ce ya nemi kwas ya koyi manhajar zane ta AutoCAD. Shawara ce mai kyau, amma rabi ce. Tarihin sana'ar ya nuna duk lokacin da kayan zane suka canza, mai zane yakan ƙara nisa da filin da za a yi ginin, kuma kwas ɗin da ya tsaya ga koyar da manhaja kaɗai ƙara wannan nisan yake yi.

Maginin da ba shi da takarda yana da zane, sai dai a ƙasa yake yin sa. Yakan zo fili tare da mai gida, ya ja layi da ƙafarsa: nan zaure, nan shigifa, nan turaka, can ɗakunan mata, a lissafa da inda rumbu da rijiya za su zauna. Mai gida na tsaye, in ya ga ɗaki ya yi ƙanƙanta sai a share da tafin ƙafa a sake ja. Zanen daidai girman ginin yake, ba a rage shi ba, don haka babu wanda zai ce bai fahimta ba. Kuma kayan aiki su ke yanke faɗin ɗaki. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cin ta da sauƙi, amma in tazarar da ta haye ta wuce kusan mita 2 ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasar rufi. Wannan iyaka ce ta haifi gwanintar da ake alfahari da ita: a jera azara hawa-hawa tana fitowa daga bango, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa har a tada baka, bakuna su haɗu a tsakiya su ba da ɗaurin guga. Ana yin tubali da rani, a shafe bango da makuba ta ɓawon ɗorawa don ruwa ya zame, a sa indararo ya tofar da ruwan rufi nesa da gindin gini. Yaro yakan fara ne da kwaɓa ƙasa da cilla wa maigidansa tubali a saman bango, ya shekara da shekaru kafin a bar shi ya taɓa baka. Daga wannan makaranta Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya fito, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, ya kuma gina soron Madaki a Kafin Madaki nan Jihar Bauchi wajen 1860, ginin da ke cikin jerin kayan tarihin ƙasa tun 1956.

Takarda ta shigo ne da Turawa, waɗanda suka karɓe Katagum a 1903. Ofisoshi da gadoji da asibitoci suka koma ana zana su a ma'aikatar ayyuka, a aiko wa En'e ta aiwatar. Gadau ma ta taɓa wannan tarihi ta wata hanya da mutane ba su cika tunawa ba. A shekarun 1930 ita ce cibiyar binciken ƙudan tsando da ciwon barci, kuma T. A. M. Nash, wanda ya yi aiki a can, shi ne daga baya ya shiga shirin Anchau a ƙasar Zazzau, inda aka tsara sabon gari, Takalafiya, da miƙaƙƙun tituna masu faɗi kafin mutane su tare. Nan aka ga sabon abu: wuri ya wanzu a takarda kafin a sari ƙasa. Daga nan sana'a ta rabu biyu, mai zane daban, mai gini daban. Sashen koyar da zanen gine-gine na Kwalejin Fasaha ya koma Zariya a 1955, shi ne ya zama na Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. An buɗe makarantar fasaha ta Kaduna a 1956. Dokar 1969 ta kafa ARCON mai rajistar masu zanen gine-gine, ta 1970 ta kafa COREN ta injiniyoyi, Bauchi kuma ta sami kwalejin fasaha ta tarayya a 1979 da jami'ar fasaha a 1980. Ɗalibin wancan zamani yakan kwana a sunkuye kan allon zane da rula da alƙalamin tawada, in ya yi kuskure ya kankare da reza. Takarda ta kawo alheri babba, domin da ita ake lissafin rodi da siminti kafin a kashe kwabo, da ita ake tada bene da gada. Amma mai gida ya daina ganin gidansa a ƙasa, magini kuma ya koma birkila mai bin umarnin wanda wataƙila bai taɓa taka filin ba.

Kwamfuta ta zo ta ƙarasa abin da takarda ta fara. A 1963 Ivan Sutherland ya nuna a jami'ar MIT ta Amurka cewa ana iya zane kai tsaye a fuskar na'ura. A Disamba 1982 kamfanin Autodesk ya fitar da AutoCAD, wadda ke aiki a ƙaramar kwamfutar ofis. ArchiCAD ta fito daga Hungari a cikin shekarun 1980, Revit kuma ta koma hannun Autodesk a 2002, ita ce irin wadda in ka matsar da bango sai lissafin bulo da fenti ya gyaru da kansa. Aikin mako ya koma na yini. Matsalar tana cikin wannan sauƙin ne. Wanda ya zana da hannu dole ya tsaya a kan kowane layi, domin sake shi wahala ce. Wanda ke da manhaja yana iya ɗauko zanen gidan da aka yi wa Legas ko Abuja, ya sauya suna, ya buga. Sai ka ga an dasa gida mai manyan tagogin gilashi suna kallon yamma a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, rufin kwano ba tazarar da iska za ta ratsa, babu zaure, baƙo na shigowa idonsa na kan tsakar gida. Manhaja ba ta yi laifi ba, abin da aka ba ta shi ta zana. Ba ta san cewa ƙasar Katagum rairayi ce da fadama ba, ba ta san inda kogin Jama'are ke kaiwa in ya cika ba. A daminar 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum, kuma duk mai shirin zana kwalbati ko fandisho a wannan ƙasa ya kamata ya fara tambayar dattawan wurin iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa.

Za a ce matasa aiki suke nema, kwas na wata uku kuma yana ba yaro abin da zai ci abinci da shi, don me za a ɗora masa tarihi? Maganar tana da ƙarfi, domin ofishin injiniya ko na safiyo ba zai ɗauki wanda bai iya manhaja ba. Amma a duba me kasuwa ke biya. Iya jan layi a kwamfuta abu ne da kowa ke koya, har a bidiyon intanet, saboda haka farashinsa faɗuwa yake. Wanda ake nema shi ne mai zanen da birkila zai iya ginawa ba tare da ya yi ta waya yana tambaya ba, wanda ya san girman bulon da ake bugawa a garin da tsayin rodin da ake sayarwa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuma takardar shaidar kwas ba ta mai da mutum injiniya, doka ta ajiye sa hannu da hatimi ga masu rajista. Mai koyarwar da bai faɗa wa ɗalibansa wannan ba ya cuce su, ya cuci wanda zai kwana a ƙarƙashin rufin da suka zana.

Za a kuma ce ginin ƙasa ya wuce, kowa bulo da kwano yake so, kuma yaɓe duk shekara gajiya ce. Gaskiya ne yaɓe na da wahala, kuma babu mai tilasta wa talaka komawa abin da ya guda. Sai dai abin da ake so ɗalibi ya gada wajen magini ya fi ƙasa da tubali: sanin gabas da yamma, kaurin bango, tsarin da ke kare mutuncin iyali. Ko ita ƙasar ba ta mutu ba. A Yama ta jihar Tawa a Nijar, Alhaji Falke Barmu ya fara masallacin ƙasa a 1962, ginin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, a 2018, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili, masu karatun zamani, sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, suna aiki tare da maginan gargajiya. Batun tsadar manhaja ma ya ragu, tunda Autodesk na ba ɗalibai lasisin kyauta, ga kuma FreeCAD da ba a biya. Abin da ya rage shi ne wuta da kwamfuta, kuma wannan nauyin makarantu ne.

Akwai aikin da kwamfuta ta fi kowa iyawa, shi ne adana abin da ke rushewa. Da aka sabunta masallacin Zariya a shekarun 1970, wani ɓangare kawai na aikin Babban Gwani ya tsira a cikin sabon ginin. Awon da Zbigniew Dmochowski, mutumin Folan, ya yi tun daga 1958 shi ya sa aka iya sake gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos. Shi da tef da fensir ya yi. Tsofaffin zaurukan Katagum da Azare da Gadau da Itas suna zubewa damina bayan damina, maginan da suka san ɗaurin guga kuma tsufa suke yi. Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau, wadda aka buɗe a 2011, da kwalejojin fasaha na jiha, da Masarautar Katagum, su haɗa kai a kan abu ɗaya mai sauƙi: duk ɗalibin da zai karɓi takardar shaidar zanen kwamfuta a wannan yanki, sai ya auna tsohon gini guda da hannunsa, ya zauna da maginin da ya san shi, ya zana shi, a ajiye zanen inda kowa zai iya gani.