Injin Doki da Mazarƙwaila a Fadamar Rima

Abin da nake son yin magana a kai shi ne injin matse rake, ko arakke kamar yadda muke cewa a nan ƙasar Sakkwato, wato wanda doki ke juyawa ana yin mazarƙwaila.

Abokan karatuna za su tuna cewa a darasin labarin ƙasa an nuna mana hoton injinan iska na ƙasar Holan, muka zana su a littafi, har muka ci jarrabawa da su. To, mu dai a nan ba mu gaji injin iska ko na ruwa ba wajen niƙa. Dutsen niƙa da turmi da taɓarya su suka ciyar da kakanninmu. Injin da za mu bugi ƙirji mu ce ya zauna a ƙasarmu shi ne na rake, kuma shi ne babu manhajar da ta kula da shi.

Tarihin abin yana komawa ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya hau mulki a 1817, ya mayar da Wurno ribaɗinsa, ya kuma rasu a can a 1837. Bello ba malami da mayaƙi kaɗai ba ne. A littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa shugaba nauyin kula da manoma da masu sana'a, kuma shi kansa bai tsaya ga rubutu ba. Marubuta tarihin Daular Usmaniyya suna danganta masa yaɗa jigo domin noman rani, da kuma kafa wurin sarrafa rake a Gidan Maikara. Duk wanda ya san fadamar da ta miƙe daga Goronyo zuwa Wurno, da wadda ta bi gulbi ta Rabah, ya san dalili: ƙasa ce mai laka da damshi, wadda rake ke so. Amma ina tambaya, a cikinmu wa ya taɓa ganin ko da tukunya ɗaya ta wancan aiki? Hubbaren Bello na nan ana ziyara, masana'antarsa kuwa sai a bakin masu tarihi.

Ba haka abin yake ko'ina ba. A ƙasar Maroko, a ƙarni na 16, sarakunan Sa'adiyyawa sun gina manyan masana'antun sukari waɗanda ruwa ke juya injinansu, alal misali a Shishawa, yamma da Marakish. Sarki Ahmad al-Mansur, wato wanda rundunarsa ta rushe Daular Sangai a 1591, da kuɗin sukari ya samu wani ɓangare na ƙarfinsa. Masana'antun sun mutu bayan rasuwarsa a 1603, amma da yake an gina su da ƙarfi, kufansu da magudanan ruwansu suna nan, masu bincike sun tona sun auna. Namu kuwa itace ne da yumɓu, abincin gara da damina.

Injin da mu muka tashi muka gani daban yake da na zamanin Bello. Na ƙarfe ne, kuma ta ƙasar Zazzau ya shigo Arewa a farkon ƙarni na 20, ta hannun 'yan mishan. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, sukarin Turai ya yi wuya, sai gwamnatin mulkin mallaka ta ƙarfafa sana'ar, aka riƙa shigo da injinan daga Indiya. Daga nan ta bazu. Har yau idan ana zancen rake da mazarƙwaila, Maƙarfi ake fara ambata.

Ga yadda aikin yake, domin 'ya'yanmu da ba su gani ba. Ana kafa injin a fili kusa da gonar, cikin sanyin hunturu lokacin da rake ya nuna. A kansa akwai dogon itace da aka ɗaure, ɗaya ƙarshen kuma a ɗaura wa doki. Dokin na zagayawa, ƙarafan na murzawa, mutum na zaune a tsakiya yana tura rake, kuma dole ya riƙa sunkuyar da kai duk lokacin da itacen ya zo wucewa. Ruwan na zuba cikin garwa, a kwashe a juye cikin babban kasko na ƙarfe da aka girka bisa rami. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne makamashin: tukar raken da aka matse ita ake shanyawa a hura wutar da ita, ba a sare bishiya ba, ba a sayi mai ba. Ana tafasawa ana kwashe kumfa har ruwan ya yi kauri ya yi ja. A nan gwaninta take, domin idan aka sauke da wuri ba za ta daskare ba, idan aka makara ta ƙone ta yi ɗaci, kuma babu ma'auni sai ido da hanci. Sai a zuba a ƙananan tasoshi ta huce. Mu 'yan makarantar kwana mun san darajarta a cikin gari da ƙuli-ƙuli, musamman idan wata ya yi nisa.

Me ya kashe kasuwar? Farin sukari ne na farko. Kamfanin Bacita ya fara aiki a 1964, na Numan ya biyo baya, sannan matatar Dangote ta Legas, kuma uwargida ta ga fari ya fi kyau a shayi. Na biyu, riƙon doki ya yi tsada, masu sana'ar da yawa suka koma injin mai. Madatsar ruwan Goronyo da aka kammala a 1984 ita ma ta sauya tsarin fadamar, hankalin manoma ya fi karkata ga shinkafa da albasa da tafarnuwa. Ni ban ga laifin kowa ba a nan, domin manomi abin da zai biya shi yake bi.

Abin da ke damuna shi ne yadda tsofaffin injinan ke ƙarewa a hannun 'yan gwangwan, ana auna su a sikeli a matsayin ruɓaɓɓen ƙarfe. Ga kuma matsalar 'yan bindiga, wadda tun 2018 ta tashi ƙauyuka a ƙasar Rabah, ta kai har kasuwar Goronyo a Oktoban 2021. Idan ƙauye ya watse, dattijon da ya san lokacin sauke kasko yakan koma zaman gudun hijira a birni, inda babu mai tambayarsa komai.

A Holan ɗin da muka zana, injinan iska 19 na Kinderdijk sun shiga jerin kayan tarihi na UNESCO a 1997, kuma ana ci gaba da juya su. Mu ba ma buƙatar abu mai girma haka. Shawarata ga ƙungiya ita ce mu sayi injin doki guda ɗaya cikakke, da itacensa da kaskonsa, mu kafa shi a harabar makaranta ƙarƙashin rumfa, a riƙa tayar da shi sau ɗaya a shekara ranar taronmu. Sannan mu tura ɗalibai biyu ko uku su ɗauki muryar dattawan sana'ar, a ajiye kwafi a ɗakin karatun makaranta, a kai wani Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato. Ina roƙon sakatare ya sa wannan batu cikin ajandar taro mai zuwa, kuma duk wanda ya san inda wani tsohon inji yake jingine a ƙauyensu, ya sanar da kwamiti kafin masu sikeli su riga mu.