Tarihin Karatun Yara na Al'umma a Ƙasar Gobir: Alƙalawa, Sabon Birni da Isa

Karatun al'umma shi ne wanda jama'a suka ɗauki nauyinsa da kansu, ba tare da jiran albashin hukuma ba: makarantar allo, zauren ilimi, karatun matan aure a cikin gida, Islamiyyar yamma, da cibiyoyin da ƙungiyoyi suka buɗe daga baya. Yankin da ake magana a kansa shi ne gabashin Jihar Sakkwato, a kwarin Gulbin Rima, inda kufan Alƙalawa yake, wato ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa na yau. Ƙidayar 2006 ta ba Sabon Birni mutum sama da 200,000, Isa kuma kusan 150,000. Marubuta tarihin Gobir sun ƙarar da tawadarsu a kan sarakuna da yaƙe-yaƙe. Labarin yara da malamansu sai an tsinto shi a gefen shafi, kuma ko a nan shekarun ba su jitu ba.

Zamanin birni

Gobirawa sun kafa Alƙalawa a tsakiyar ƙarni na 18, a ƙarƙashin Sarki Babari, a filin da aka ce gonar Alƙalin Zamfara ce. Bayan sun ci Birnin Zamfara, wajen 1762, garin ya zama babbar fadar wannan sashe na ƙasar Hausa. Karatu ya riga birnin zuwa, domin malaman Zamfara da na Fulani da na Azbin sun daɗe suna zaune a ƙauyukan kwarin.

Tsarin bai bambanta da na sauran ƙasar Hausa ba. Yaro yana farawa da Fatiha da ƙananan surori a ka, sannan babbaƙu, sannan farfaru, har ya iya rubuta allonsa da kansa. Da asuba a biya, a wanke, a shanya allo a jikin bango, a sake rubutu da alƙalamin gamba. Da dare a taru a gindin wutar karan da yaran suka ɗebo da rana. Ranar Alhamis da Juma'a hutu ne. Malam ba ya da albashi, yana da gona, almajirai su taya shi noma, iyaye su aiko da sadakar Laraba, ran sauka a yi walima a ba shi abin da ya sawwaƙa. Wanda ya sauke ya kuma so ƙari sai ya koma zaure, ya ɗauki Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a gaban malami.

Shaida mafi kusa game da yadda yaro ke tashi cikin wannan tsari ta fito ne daga Abdullahi ɗan Fodiyo. A littafinsa Ida'un Nusuki, inda ya jera malamansa, ya nuna cewa a wurin mahaifinsu ya yi karatun Alƙur'ani, kuma yana ɗan shekara 13 aka danƙa shi ga yayansa Usmanu. Yawancin malaman da ya ambata kawunnai ne da baffanni da sauran dangi. Makarantar a lokacin gida ce, kuma tana tafiya duk inda malam ya sa gaba.

Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta a 1754 ya kuma tashi a Ɗegel, ya fara wa'azi wajen 1774. Abin da ya raba karantarwarsa da ta mafi yawan malaman zamanin abu biyu ne. Yana yin wa'azi da Hausa da Fulatanci ga talakawan da ba su taɓa riƙe allo ba, kuma yana barin mata su halarta. Na biyun ya jawo masa suka. A zamansa na Zamfara, wani malamin Barno, Goni Mustafa, ya yi masa ƙorafi a kan haɗuwar maza da mata, Abdullahi ya mayar da amsa a waƙe, cewa barin mata cikin jahilci ya fi wannan muni. Shehu da kansa, a Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke karantar da almajiran waje su bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san ko hukuncin tsarki ba.

Magami, Nafata da saɓanin shekaru

A Idin babbar salla na 1788 ko 1789, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ya raba musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Biyu na farko, in aka duba, izinin buɗe makaranta ne a ko'ina cikin Gobir, kuma a ƙarƙashin wannan izini ne Jama'ar Shehu ta yaɗu.

Sarki Nafata ne ya janye shi. An yi shela a kasuwa cewa ban da Shehu kansa babu mai wa'azi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin ubansa, maza su bar rawani, mata su bar mayafi. Dokar ba ta taɓa Shehu ba, almajiransa da ke karantarwa a ƙauyuka ta nufa.

A nan ne majiyoyi suka rabu. Tsofaffin jerin sarakuna da Turawan mulki suka tattara sun ce Bawa ya rasu a 1795, Yakuba ya yi mulki zuwa 1801, Nafata zuwa 1803. Lissafin da Murray Last ya bi a littafinsa na 1967, wanda ya dogara da rubuce-rubucen mutanen Jama'a, ya sa rasuwar Bawa wajen 1790 da hawan Nafata wajen 1795. Bambancin ba na wasa ba ne ga tarihin karatu. A lissafi na farko, haramcin bai wuce shekara uku ba kafin hijira. A na biyu, yana iya kaiwa shekara shida ko bakwai, wato tsawon lokacin da yaro zai yi daga babbaƙu zuwa kusa da sauka. Wannan maƙala ta bi na biyu, domin waɗanda suka rubuta shi suna raye a lokacin, kuma suna lissafi da shekarun Hijira da suka saba da su.

Akwai kuma zancen da kowane ɗan firamare ya sani, cewa Yunfa, sarkin da ya gaji Nafata, almajirin Shehu ne. Labarin ya fi ƙarfi a bakin mutane fiye da a takarda, kuma daɗin da yake da shi wajen ba da labari shi kansa dalili ne na yin hattara da shi.

An yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804. A ƙarshen wannan shekara, a Tsuntsuwa, kusa da ganuwar Alƙalawa, Gobirawa da Abzinawa suka yi wa Jama'a mummunar ɓarna. Muhammadu Bello, ɗan Shehu, ya ba da adadin mamata kusan 2,000, kuma ya ware cewa kimanin 200 daga ciki mahaddata Alƙur'ani ne. Ware su da ya yi ya nuna irin asarar da ta fi yi masa zafi. Ya kuma nuna yawan abin da makarantun ƙauye suka yaye cikin shekara talatin. Birnin ya faɗi a Oktoban 1808, aka kashe Yunfa, mutanensa suka watse.

'Yan Taru

Bayan 1808 kwarin Rima ya zama bakin daga. Bello ya kafa ribaɗoɗi, ya zaunar da 'ya'yansa da dakaru a cikinsu, ciki har da Lajinge, kuma daga wannan tsari ne sarautar Sarkin Gobir na Isa ta kasance a hannun zuriyarsa. Yaƙin Gawakuke na 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali, ya ƙara yawan kamammun mata da yara da aka raba cikin gidajen Sakkwato da Wurno da ƙauyukansu. Yawancinsu Hausa kaɗai suke ji, kuma abin da suka sani na neman waraka da kariya shi ne bori, wanda a Gobir yake ƙarƙashin Inna, 'yar gidan sarauta mai faɗa a ji.

Wannan ne yanayin da Nana Asma'u, 'yar Shehu kuma matar Waziri Giɗaɗo, ta kafa abin da aka sani da 'Yan Taru, wajen ƙarshen shekarun 1830. A kowane ƙauye ana zaɓen dattijuwa mai hankali da riƙon amana a naɗa ta jaji. Asma'u da kanta take ɗora mata malfa, a naɗe ta da jan ƙyalle. Da rani, bayan an kai amfanin gona gida, jaji ta jagoranci ayari zuwa wurin Asma'u. Masu tafiya su ne tsofaffin da suka wuce haihuwa da 'yan matan da ba su kai aure ba. Matan aure suna gida, sai dai su aiko da sadakarsu: hatsi, zuma, man shanu, zare. Abin da aka kawo ana rabar da shi ga marasa lafiya da mabukata. Ayarin ya koma da waƙoƙin da aka haddace, na tauhidi, na tsarki da salla, na tarihin Annabi da na Shehu, a rera su a tsakar gida ga waɗanda ba su je ba, yara na saurare.

Jean Boyd, wadda ta yi shekaru tana bin wannan tarihi a Sakkwato ta kuma wallafa littafi a kan Asma'u a 1989, ta lura cewa malfar jaji irin ta Innar Gobir ce. Ra'ayinta shi ne Asma'u ta ɗauki alamar ikon da matan Gobir suka riga suka sani ta sauya mata aiki. Hujjar tana da ƙarfi. In haka ne, to tsarin karatun mata mafi shahara a daular Sakkwato yana da jinin Alƙalawa a jikinsa, ko da yake cibiyarsa ba a can take ba. Asma'u ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin, kuma ayarin jajis bai yanke ba har cikin ƙarni na 20.

Sabon Birni da zuwan boko

Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi bayan Gawakuke. Wani reshe, ƙarƙashin Ɗan Halima, ya dawo ya kafa Sabon Birni a zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku, 1859 zuwa 1866, ko da yake wasu na jinkirta kafuwar zuwa shekarun 1870. Bayan 1903 iyakar Ingila da Faransa ta ratsa tsakanin garuruwan biyu. Almajirai ba su san da ita ba, sun ci gaba da ƙetarawa da rani. Ƙididdigar zamanin Gwamna Lugga ta sa makarantun allo na Arewa kusan 25,000, a lokacin da na boko ba su taka kara sun karya ba. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya kawo ajin manya da jaridar lardin Sakkwato, Zaruma. Firamare ta shiga ƙauyuka sosai ne da shirin ilimi kyauta na 1976.

Islamiyya da ƙungiyoyi

Abin da ya fi kama da karatun bayan tashi daga makaranta a yankin shi ne Islamiyya. Yaro ya je boko da safe, bayan la'asar ya sa wani yunifom ya tafi Islamiyya, da magariba kuma wasu su koma allo. Akwai aji, akwai allon bango, akwai jarrabawa, ana koyar da tajwidi, hadisi, fiƙihu da Larabci. Masu gudanarwa kwamitocin unguwa ne da ƙungiyoyin addini: Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962, Fityanul Islam ta 'yan ɗarika, Izala da aka kafa a Jos a 1978, da FOMWAN ta mata, 1985. Gasar da ke tsakanin ɗarika da Izala, duk da ɓacin ran da ta haifar, ta ninka yawan ajujuwa, kuma ita ta fito da ajin dare na matan aure. Kuɗin wata kaɗan ne, sau da yawa ma ba a biya, malamai kan yi aikin ne don lada.

Hukuma da masu ba da tallafi sun zo daga baya, suna neman jingina da wannan tsari. A Sakkwato aka ƙaddamar da shirin UBE a 1999, a Gagi ta Sakkwato kuma aka buɗe makarantar almajirai ta zamani ta farko a Afrilun 2012. Shirin karatun 'ya'ya mata na UNICEF da tallafin Ingila ya shigo jihar tun 2005, ya kafa ƙungiyoyin iyaye mata, ya kuma sa darasin lissafi da karatun boko a wasu makarantun allo. Daga 2014 an riƙa ba iyaye Naira 5,000 duk bayan wata uku a kan kowace yarinya a wasu zaɓaɓɓun ƙananan hukumomi. Shirin Amurka na NEI Plus, daga 2015, ya kawo littattafan Mu Karanta da cibiyoyin koyo na yaran da ba sa zuwa makaranta. Irin waɗannan shirye-shirye suna da wa'adi, kuma idan kuɗin ya ƙare alawus ɗin malami yakan ƙare tare da shi.

Daga 2019

Hare-haren 'yan bindiga sun tsananta a gabashin Sakkwato daga 2019, dubban mutane suka ƙetara zuwa Jihar Maraɗi, inda aka zaunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Yaran da suka shiga makaranta a can da Faransanci suka ci karo. A Mayun 2020 an kashe sama da mutum 70 a rana ɗaya a Garki da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Sabon Birni. A Disambar wannan shekara, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana 16, ciki har da na Isa, Sabon Birni da Bafarawa. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a yankin.

Makarantar allo, wadda ba ta bukatar gini, ta bi jama'arta zuwa garuruwan da suka fake, kamar yadda ta yi bayan 1808. Amma gonar malam da sadakar iyaye, waɗanda su ne jarinta, an bar su a baya, kuma ita ma ba ta tsira daga harin ba: a Maris na 2024 an sace almajirai 15 daga wata tsangaya a Gidan Bakuso, cikin ƙaramar hukumar Gada mai maƙwabtaka. A Agustan wannan shekara Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi.