Iskokin Teku da Tarihin Birnin Mombasa

Idan mutum ya tambaya yau, wane lokaci ya fi dacewa a ziyarci Mombasa, amsar da zai samu ba ta wuce ta ruwan sama da zafin rana ba. Amma shekaru ɗaruruwa wannan tambaya ta ciniki ce da yaƙi, wani sa'i ma ta rai da mutuwa. Nufinmu a wannan takarda mu nuna cewa ba a fahimtar tarihin birnin nan sai an san iskokinsa, gama su ne su ke buɗe ƙofarsa, su ne kuma su ke rufe ta.

Mombasa tsibiri ne a gaɓar ƙasar Kenya, a bakin Tekun Indiya, kimanin digiri 4 kudu da Ikwaita. Iska biyu ke mulkin shekararsa. Daga Disamba zuwa Maris iska takan taso daga arewa maso gabas, Sawahilawa na ce mata kaskazi. Daga Afrilu zuwa wajen Satumba sai ta juya ta taso daga kudu, wannan ita ce kusi. Dalili kuwa shi ne, in rana ta koma arewa ƙasar Asiya takan yi zafi fiye da teku, iskar kanta ta tashi sama, ta teku ta kwararo ta maye gurbinta; in rana ta koma kudu sai al'amarin ya juye. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, don kuwa irin juyin nan ne ke kawo mana iskar hunturu daga arewa maso gabas, da iskar damina daga kudu maso yamma.

Sai dai daminar Mombasa biyu ce. Babbar, watau masika, tana kamawa daga Afrilu zuwa Yuni, ƙarfinta a Mayu. Ƙaramar, watau vuli, tana zuwa tsakanin Oktoba da Disamba. Ruwan da ke sauka a shekara ya fi inci 40. Zafi ya fi tsanani a Fabrairu da Maris, Yuli da Agusta kuwa su ne watannin sanyi-sanyi.

To, a zamanin da ba inji, jirgin ruwa ba ya tafiya sai inda iska ta tura shi. Saboda haka fataken Larabawa, da Farisa, da Indiya sukan taso da kaskazi, ɗauke da dabino, da busasshen kifi, da tufafi, da duwatsun ado. Sukan zauna su yi ciniki har iska ta juya, sa'an nan su koma da hauren giwa, da itacen gini, da hatsi, da bayi. Komawar ma tana da ƙa'ida: ko dai a tashi da farkon kusi cikin Afrilu, ko a dakata sai ƙarshenta wajen Satumba, domin a Yuni da Yuli teku takan yi hauka, har tashoshin yammacin Indiya su rufe. Wanda ya makara ya yi asarar rabin shekara. Ahmad bin Majid, mashahurin jagoran jirage na ƙarni na 15, ya keɓe wa lokutan tashi babi a cikin littafinsa Kitab al-Fawa'id. Kalmar da Larabawa ke kiran lokutan nan da ita, mausim, ita ce Turawa suka ara suka raɗa wa iskar suna.

Zaman jiran nan na watanni ya bar alama. Baƙi sun yi aure a garuruwan gaɓa, Musulunci ya kafu, kalmomin Larabci sun shiga Sawahilanci, ko da ya ke harshen da ginshiƙin al'adar na mutanen Afirka ne. Al-Idrisi ya ambaci Mombasa a ƙarni na 12. Ibn Battuta ya kwana ɗaya a can wajen shekarar 1331, a kan hanyarsa daga Mogadishu zuwa Kilwa, ya ce mutanen Shafi'awa ne, masallatansu na katako, abincinsu ayaba da kifi. Bai daɗe ba, gama mai bin iska ba ya da ikon zama.

Da Turawan Fotugal suka shigo tekun nan, iska ce ta fara yi musu karatu. Vasco da Gama ya iso Mombasa ranar 7 ga Afrilu, 1498, bai sami karɓa ba, ya wuce Malindi. Can ya sami jagora, ya tashi ranar 24 ga Afrilu, daidai farkon kusi, ya ƙetare teku cikin kwana 23 kacal. Amma wajen komowa ya bar gaɓar Indiya a farkon Oktoba, kaskazi ba ta kankama ba tukuna. Hanyar da ya bi cikin mako uku sai ta ci masa wata uku, bai sake ganin Malindi ba sai ranar 7 ga Janairu, 1499. Mutum 30 suka mutu a tsakiyar teku da ciwon kumburin dasashi, wanda rashin ɗanyun 'ya'yan itace ke kawowa. Har ta kai ya ƙone jirgi guda don ba matuƙan da za su ja shi.

Shaidar da ta fi duka ƙarfi ita ce yaƙin kagarar da Fotugal suka fara ginawa a bakin tashar Mombasa a 1593, wadda suka kira Fort Jesus. A watan Maris na 1696 jiragen Imam Saif bin Sultan na Oman suka iso suka yi mata ƙawanya. A duba lokacin da kyau: ƙarshen kaskazi ke nan. Fadar mulkin Fotugal na gabas tana Goa, a Indiya, daga can kuwa ba a zuwa Mombasa sai da kaskazi. Watau Omanawa sun shigo, iska ta rufe ƙofa a bayansu. Gudummawar Goa ba ta iso ba sai ƙarshen Disamba, bayan wata tara, ba ta kuwa karya ƙawanyar ba. Annoba ta faɗa cikin kagara a 1697 ta cinye Turawan, har ya zama Sawahilawan da ke tare da su ne ke tsaronta. A Satumba na shekarar wani jirgin yaƙi ya zo daga Mozambik, ta kudu, bisa iskar kusi, amma ya nutse a gaban kagarar. Ranar 13 ga Disamba, 1698, bayan wata 33, Omanawa suka ci ta. Kwanaki kaɗan bayan haka rundunar Goa ta ɓullo da sabuwar kaskazi, ta tarar da jar tuta tana kaɗawa bisa bango, ta juya. Ba mu ce iska kaɗai ta kori Fotugal ba, akwai raunin mulkinsu da ƙiyayyar mutanen gaɓa. Amma mai mulkin da ba ya iya kai ɗauki sai a yanki guda na shekara, mulkinsa aro ne.

Jiragen tururi ne suka karya wannan doka. An buɗe mashigin Suez a 1869, aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Mombasa a 1896, ta kai Tabkin Victoria a 1901. Tashar Kilindini mai zurfi ta karɓe cinikin, tsohuwar tasha ta zama ta ƙananan jirage.

Baƙon yau, mai zuwa hutu ko ganin kagarar, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2011, lokaci biyu ne suka fi masa. Na ɗaya Yuli zuwa Satumba, sa'ad da ruwa ya yi sauƙi, zafi ya ragu. Na biyu Janairu da Fabrairu, rani sosai, teku garau, amma da zafi. Afrilu da Mayu ruwa kan hana yawo. Ƙaramar damina kuwa ba ta da alkawari: a 1961, da 1997, da 2023 ta zo da ambaliya a gabashin Afirka.

Ga malamai masu koyar da tarihi, darasin a fili ya ke. Kada a bar almajiri ya haddace shekara ya manta da wata. In an ce masa Omanawa sun iso a Maris, a tambaye shi daga ina iska ke busawa a Maris. In ya amsa wannan, ya gane rabin labarin.