Dabbobin kwamfuta a allon masu rubuta manhaja

Dabbar kwamfuta wata 'yar ƙaramar manhaja ce da ke nuna hoton kyanwa, ko kare, ko wata halitta tana motsi a kan allo. Wasu masu rubuta manhaja kan girka ta a baƙin allon da suke ba wa kwamfuta umarni a rubuce, domin ta ɗebe masu kewa. Da yake wannan allo na rubutu ne, akan zana dabbar da haruffa da alamomi.

Wannan dabara dai ta samu karɓuwa ne bayan da kamfanin Bandai na Japan ya fito da Tamagotchi a shekarar 1996, wani ɗan abin wasa mai siffar ƙwai wanda dabbar cikinsa kan mutu idan ba a ciyar da ita ba.

A 1999 kuma Tony Monroe ya rubuta cowsay, manhajar da ke zana saniya tana furta duk abin da aka rubuta mata.

Sai dai kuma ba a rasa matsala ba. BonziBuddy, wani goggon biri da ya bayyana a 1999, ya riƙa tattara bayanan masu amfani da shi. A 2004 hukumomin Amurka suka ci tarar kamfanin da ya yi shi dala 75,000 saboda tattara bayanan yara ba da izinin iyayensu ba.

Don haka, kafin a girka irin wannan dabba a allon da ke da iko da dukkan fayilolin kwamfuta, ya kamata a san wanda ya rubuta ta da kuma abin da take aikawa ta intanet.